Guzurin Tsabar Shinkafa da Gadon da Ke Sarrafa Shi Lokacin Tsira

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jiƙa shinkafa shanshera ya rufe ta da buhu ya san cewa cikin kwana biyu zuwa uku za ta fasa baki, farin tsiro ya leƙo. A wannan lokaci ba ta da saiwar da za ta jawo wani abu daga ƙasa, ba ta kuma da koren ganyen da zai haɗa mata abinci da hasken rana. Abin da take ci shi ne abin da uwarta ta ɗaure mata tun tana kan zangarniya. Bahaushe na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma a kan wannan ruwan cikin nake son in yi magana a wannan maƙala: yadda ake buɗe shi, da abubuwan gado da ke sa wani nau'in shinkafa ya fi wani iya cin moriyarsa.

Kafin mu yi nisa, dole mu daidaita kalmomi, tunda aikin sashenmu ke nan. Kalmar ƙwaya ta sha aiki a Hausa. Akwai ƙwayar hatsi, da ƙwayar ido, da ƙwayar magani, da ƙwayar cuta, ga kuma ƙwayar halitta. Haka ma kalmar iri, tana nufin abin da ake shukawa, tana kuma nufin nau'i. Saboda haka zan riƙa cewa tsaba idan ina nufin ƙwayar shinkafa guda da ɓuntunta, in ce nau'i idan ina nufin kalar shinkafa kamar FARO 44. Abincin da ke ajiye cikin tsaba zan kira shi guzuri. Ƙwayar gado kuwa ita ce umarni guda da ke rubuce a jikin halitta, wanda 'ya'ya ke gada daga iyaye, kuma irin waɗannan umarce-umarce a jere suke bisa wasu zaruruwa da ake kira kuromosom, waɗanda zan kira zaren gado. Shinkafa tana da zaren gado guda 12, kowanne da abokin tagwaitakarsa. A shekarar 2005 aka kammala karanta su, aka kuma ƙiyasta ƙwayoyin gadon da ke kansu sun haura 37,000.

Abin da ke cikin tsaba

Idan aka cire ɓuntu, za a tarar da abubuwa uku da suka shafe mu. Na farko shi ne ɗan tayi, wato ɗan ɗigon da ke maƙale a gindin tsaba, wanda shi ne zai zama shuka. Na biyu shi ne farin cikin nan da muke dafawa, wanda zan kira rumbu. Kusan kashi 90 cikin ɗari na busasshen nauyinsa sitaci ne, sai furotin kimanin kashi 7 zuwa 8. Na uku wani siririn tantani ne da ya lulluɓe rumbun, ana ce masa aluron, kuma a nan mai da sinadarin fosfaros suka fi taruwa. Injin casa yana kankare aluron da ɗan tayi su tafi cikin dusa. Dalilin da ya sa ke nan farar shinkafar buhu ba ta tsira ko an shekara ana ba ta ruwa. Wadda aka turara kuwa, zafi ya riga ya kashe ɗan tayinta tun kafin a kai ta inji.

Tsakanin ɗan tayi da rumbu akwai wani faifai da masana suka raɗa wa suna daga kalmar Latin mai nufin ƙaramar garkuwa. Zan bi sawunsu in kira shi garkuwa, duk da cewa aikinsa ya fi kama da na baki, domin ta nan ɗan tayi ke zuƙar abinci.

Akwai wani abin lura game da gadon rumbu. Ɗan tayi yana karɓar rabi daga uwa, rabi daga uba, kamar yadda aka saba. Rumbu kuwa kaso uku ne, biyu na uwa, ɗaya na uba. Ɓuntu gaba ɗayansa jikin uwa ne. Wato tsaba guda tana ɗauke da tsarin gado iri uku, kuma wannan na daga abubuwan da ke wahalar da masu binciken tsira.

Yadda ake buɗe rumbu

Rumbun tsabar da ta nuna matacce ne. Ba ya numfashi, ba ya iya miƙa wa kowa komai. Sitacin da ke cikinsa dogayen sarƙoƙi ne na sukari waɗanda ba sa narkewa a ruwan sanyi, don haka ɗan tayi ba zai amfana da su ba sai an daddatsa su. Mai daddatsawar wani sinadari ne da ake kira alfa-amiles, ɗan'uwan wanda ke cikin yawun bakinmu, wanda ke sa tuwo ya ɗan yi zaƙi idan aka daɗe ana taunawa. Matan da ke dama kunun zaƙi sun san aikinsa tun kafin a ba shi suna: suna niƙa tsiron shinkafa ko na dawa su zuba cikin kauraren kunu, kafin gari ya waye ya tsinke ya yi zaƙi.

A cikin tsaba ga yadda abin ke gudana. Da ruwa ya ratsa ta, ɗan tayi zai farka ya fara da ɗan sukari da man da ke jikinsa, waɗanda ba su da yawa. Daga nan sai garkuwa ta haɗa wani sinadarin saƙo mai suna jibarelin, ya ratsa zuwa aluron. Aluron, wanda shi yana da rai, sai ya shiga ƙera amiles yana tsiyayar da shi cikin rumbu. Sitaci ya narke ya zama sukari, garkuwa ta zuƙe, ta tura wa tsiro da saiwa. Rumbu yana fara narkewa daga gefen garkuwa ya yi sama, shi ya sa idan ka matse tsabar da ta kwana biyar da tsira za ka ji gindinta ya yi ruwa-ruwa alhali kanta da sauran tauri.

A jikin sha'ir aka fara tabbatar da wannan a shekarar 1960, lokacin da Yomo a Japan da Paleg a Ostareliya, kowa a nasa ɓangaren, suka raba tsaba biyu. Rabin da ba shi da ɗan tayi bai fitar da amiles ba sai da aka ɗiga masa jibarelin. Shi kansa jibarelin ta hanyar shinkafa duniya ta san shi. Manoman Japan suna da wata cuta da suke kira bakanae, wato wawan tsiro, domin shukar da ta kamu takan yi tsawon banza ta faɗi. A 1926 Eiichi Kurosawa, yana aiki a Taiwan, ya nuna cewa wani sinadari da naman gwarin cutar ke fitarwa shi ke jawo tsawon, kuma a shekarun 1930 aka tace shi aka sa masa suna.

To, ina gado ya shigo? Kowane mataki da na ambata akwai ƙwayar gadon da ke riƙe da shi. A cikin aluron akwai wani furotin mai suna SLR1, wanda aikinsa hanawa ne, kamar sakatar ƙofa. Idan jibarelin ya iso, wani furotin mai suna GID1 ne ke karɓarsa, su biyun su kama SLR1 a rushe shi. Masana a Japan ne suka gano GID1 a 2005, a jikin wata wadar shinkafa da ba ta jin kiran jibarelin ko an yi mata wanka da shi. Da sakata ta fita, sai GAMYB ya samu sarari, shi kuma ya kunna ƙwayoyin gadon amiles, waɗanda shinkafa ke da kusan goma. Wanda ya fi aiki ta wannan hanya shi ne RAmy1A. Sunayen ba su da daɗin faɗa, na sani, amma abin riƙewa shi ne jerin: saƙo, mai karɓa, sakata, mai kunnawa, sannan mai daddatsawa. Inda duk aka samu bambanci a jerin nan tsakanin nau'i biyu, za a gan shi a saurin tsirarsu.

Jibarelin yana da kishiya, sinadarin absisik, wanda ke cewa a dakata. Shi ke riƙe tsaba cikin barci bayan ta nuna. Barcin yana da amfani, domin ba don shi ba da shinkafa ta tsira a kan zangarniya idan ruwan ƙarshen damina ya dake ta, kuma wadda ta yi haka ta lalace ga mai ci da mai shuka. A 2010 aka gano ƙwayar gadon Sdr4 da ke da hannu a nauyin wannan barci. Shinkafar Afirka ta asali, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara na ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce, an san ta da nauyin barci fiye da yawancin nau'o'in Asiya.

Auna cin guzuri

Mutane da yawa suna ɗauka cewa babbar tsaba ita ce mai ƙarfin tsiro. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba, kuma hanyar awon masana ce ke nuna giɓin. Sukan auna busasshen nauyin tsaba kafin shuka, su tsirar da ita cikin duhu domin kada ganye ya ƙara komai daga hasken rana, sannan bayan wasu kwanaki su raba tsiro da ragowar tsaba, su busar, su auna kowanne.

Bari in ƙaga alƙaluma don misali kawai. A ce tsaba tana da nauyin miligiram 25. Bayan kwana goma ragowarta ta koma 15. Ke nan an ɗebi 10 daga rumbu. Amma da aka auna tsiro da saiwa sai aka samu 6. Sauran 4 sun ƙone wajen numfashi, domin gina jiki yana cin makamashi. Wannan nau'i ya mayar da kashi 60 cikin ɗari na abin da ya ɗiba zuwa jiki. Wani nau'in kuma ya ɗebi 14 ya gina 7, wato kashi 50. Na biyu ya fi saurin ɗiba kuma tsironsa ya fi girma, na farko ya fi tattali. Halaye biyu ne daban, kuma kowanne da ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da shi.

Irin waɗannan halaye ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da su ba, taron dangi ne, kowacce da ɗan abin da take ƙarawa. Don a gano inda suke, akan aurar da nau'i biyu masu bambancin hali, a bar zuriyarsu tana barbarar kanta har tsatso da yawa, sai an samu layuka ɗari ko fiye, kowanne da nasa cakuɗin gadon iyayen biyu. Sai a auna kowane layi, a kuma duba wane yanki na zaren gado ya gada daga wane mahaifi. Idan layukan da suka gaji wani yanki daga uwa sun fi ɗibar guzuri a kai a kai, an san akwai wani abu a wurin. Wannan kamar gano unguwar da mutum yake ne, saura gidan, kuma neman gidan kan ci shekaru. A 2013 masu bincike a Jami'ar Aikin Gona ta Nanjing da ke ƙasar Sin suka yi irin wannan aiki a kan cin guzuri, suna awo a matakai uku na tsira. Abin da ya fi jan hankalina a sakamakonsu shi ne yankunan da ke aiki a farkon tsira ba lallai su ne ke aiki a ƙarshenta ba. Wanda ya yi awo a rana guda kawai ya ga wani sashe ne na labarin.

Yanayi ma yana da ta cewa. Ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salsiyas shinkafa ba ta tsira yadda ya kamata, kuma masu noman rani sun san yadda sanyin hunturu ke jinkirta wurin reno. A arewacin Japan, inda sanyi ya fi tsanani, an gano ƙwayar gadon qLTG3-1 a 2008 daga wani nau'in Italiya. Aikinta shi ne sassauta fatar da ta rufe ɗan tayi don ya samu saukin ɓullowa.

Tsira a ƙarƙashin ruwa

A nan ne shinkafa ta yi wa sauran hatsi zarra, a nan ne kuma batun ya fi shafar aljihun manomi. Idan aka nutsar da alkama ko sha'ir cikin ruwan da babu iskar oksijin, ba sa tsira. Suna mutuwa da yunwa alhali rumbunsu cike yake, domin ba sa iya ƙera amiles a wannan hali. Masana sun nuna haka a farkon shekarun 1990. Shinkafa kuwa tana iyawa, saboda tana da wata hanya ta biyu da ba ta jiran jibarelin. Idan sukari ya yi ƙaranci a jikin ɗan tayi kuma iska ta ɗauke, wasu furotin biyu, CIPK15 da SnRK1A, sukan kai ƙarar yunwa, a kunna wata ƙwayar gadon amiles ta daban mai suna RAmy3D. Masana a Taiwan suka bayyana wannan jeri a 2009.

Da wannan sukari shinkafa ke yin caca. Ba ta fitar da saiwa, ba ta buɗe ganye. Duk abin da ta samu tana zuba shi ne ga kuben tsiro, wato farin bututun da ke rufe da ganyen farko, ya yi ta miƙewa yana neman saman ruwa. Idan ya huda, iska ta biyo ta cikinsa ta sauko, sai saiwa da ganye su fara. Cacar tana da tsada ƙwarai. Da iska, ƙwayar sukari guda tana ba da ma'aunin makamashi kusan 30. Babu iska, sai dai a bi ta hanyar tsimi irin na giya, wanda ke ba da 2 ko 3 kacal. Saboda haka dole rumbu ya riƙa zuba da sauri, in ba haka ba ɗan tayi ya mutu kafin kube ya kai sama.

Yawancin nau'o'in zamani ba su iya wannan sosai ba. A ganina dalilin a fili yake: an zaɓo su ne a gonakin da ake reno sannan a yi dashe, inda ba a taɓa jarraba tsaba da nutsewa ba. Amma dashe yana cin ma'aikata da ruwa da kuɗi, shi ya sa manoma da yawa a Asiya suka koma shuka kai tsaye, kamar yadda ake yafa iri a fadamunmu. Mai yafi kuwa yana tsakanin abu biyu. Idan ya bar gona ba ruwa, ciyawa da tsuntsaye su cinye shi. Idan ruwa ya kwanta bayan shuka, irin ya ruɓe.

Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Los Banos a ƙasar Filifin ta tace dubban nau'o'i tana neman masu jure wannan. Ɗaya daga waɗanda suka yi fice shi ne wani tsohon nau'in manoman Myanmar mai suna Khao Hlan On. Aka bi sawun halin har zaren gado na 9, kuma a 2015 aka kai ga gidan: ƙwayar gado ce mai suna OsTPP7. Shahararren nau'in nan IR64, wanda aka fitar a 1985, ba shi da ita kwata-kwata.

Yadda take aiki abin sha'awa ne. A jikin shuka akwai wani ɗan sinadari da ke ƙaruwa idan sukari ya wadata, shi ke sanar da jiki cewa an ƙoshi, a rage ɗiba daga rumbu. OsTPP7 tana rushe wannan sinadari a jikin ɗan tayi da kube. Sai tsiro ya riƙa jin yunwa ko da yana ci, ya ci gaba da kiran amiles, rumbu ya ci gaba da zuba, kube ya ci gaba da tsawo. Ba ta ƙara ko ɗigon sitaci a rumbu ba. Ma'aunin ƙoshi kawai ta taɓa.

Jure ruwa iri biyu

A kan wannan zaren gado na 9 akwai wata ƙwayar gadon da ta fi OsTPP7 suna, wato SUB1A, wadda aka bayyana a 2006 daga wani nau'in gabashin Indiya mai suna FR13A. Ita dabararta akasin ta farko ce. Idan ambaliya ta shanye shukar da ta riga ta kafu, SUB1A tana ƙarfafa sakatar nan ta SLR1, shuka ta daina tsawo, ta rage cin abin da ta tara, ta lafe har kusan mako biyu, ruwa ya janye ta farfaɗo. Ɗaya tana cewa a kashe guzuri a tsere, ɗaya tana cewa a riƙe a jira. Kowacce daidai take a lokacinta, domin shukar da ta kafu tana da saiwa da ganyen da za ta koma wa, tsaba kuwa ba ta da komai sai rumbu, kuma jira a ƙarƙashin ruwa ba ya ƙara mata komai. Masu kyautata iri sun yi aikin haɗa su biyun a nau'i ɗaya, tunda lokutan aikinsu sun bambanta.

A Nijeriya, bayan ɓarnar ambaliyar 2012, an fitar da FARO 66 da FARO 67 a 2017, ta haɗin gwiwar cibiyar AfricaRice da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja. Dukansu suna ɗauke da gadon SUB1. Abin da aka gina su a kai shi ne kare shukar da ta kafu, kuma wannan gadon ba ya ba tsaba ikon tsira cikin kwantaccen ruwa.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, 'yan'uwana ɗalibai. Da yawa daga cikinmu za su ƙare a gidajen rediyo ko wajen fassara takardun malaman gona. Idan aka ba ka bayanin irin waɗannan nau'o'i ka rubuta "iri mai jure ambaliya" ka yi shiru, manomin Argungu ko na Haɗeja yana da hujjar fahimtar cewa zai iya yafa shi cikin ruwa, tunda iri a kunnensa shi ne abin da ke cikin ƙwarya ranar shuka. Shawarata ita ce a raba su da suna. Na SUB1A a ce nau'i mai jure nutsewa bayan ya kafu, a kuma faɗi iyakar kwanakin. Na OsTPP7 a ce nau'i mai tsira cikin ruwa. Jimlar ta ɗan ƙara tsawo, amma mai saurare zai san ranar da zai buɗe wa gonarsa ruwa.